Daga Kura Zuwa Agadas: Tafiyar Neman Duhu

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a ɗakin taro na makaranta)

 

Kwamitin shirya taro ya ba ni minti ashirin, ya ce in yi bayanin hotunan taurarin nan da aka manna a bangon ɗakin nan, da kuma yadda aka yi muka ɗauko su. Zan yi iyakar ƙoƙarina in tsaya a kan lokaci, domin na hango malaminmu na ladabtarwa a sahun gaba, kuma har yanzu agogonsa na ɗaure a hannu. Jawabin nawa kashi uku ne: labarin hanya, labarin dare, sai kuma wata 'yar roƙo da zan ajiye a gaban wannan ƙungiya.

Mu huɗu ne muka yi wannan tafiya a ƙarshen watan Oktoba na 2022, wanda ya zo daidai da ƙarshen Rabi'ul Awwal. Ba a banza muka zaɓi lokacin ba. Na farko, damina ta ɗauke, ta bar sama a wanke, ƙurar hunturu kuma ba ta sauko ba tukuna. Na biyu, a ƙarshen wata farin wata ba ya fitowa sai gab da asuba, shi kuwa farin wata, duk kyansa, shi ne babban kishiyar taurari. Abin da muka fita nema ke nan: duhu. Da na faɗa wa wani abokin aikina haka, sai ya ce ai da na zo unguwarsu, don sun kwana biyar rabonsu da wuta. Na ce masa duhun unguwarsu na jabu ne, domin ko an ɗauke wuta janareto na tashi, fitilun sola na ci, hasken birnin Kano kuma ya riga ya rina sama ta yi jaja-jaja.

Daga Kura muka tashi bayan sallar asuba, muka ratsa Kano, muka bi ta Gumel zuwa Maigatari. Kun san an rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, Maigatari kuwa na cikin huɗun farko da aka sake buɗewa a Disambar 2020. Ranar Alhamis ce, kasuwa na ci, shanu da raƙuma sun cika fage. Duk wanda ya tsaya a kasuwar nan zai yi wuya ya iya nuna ɗan Nijar ya nuna ɗan Nijeriya, sai fa in an zo wurin ƙirga kuɗi. A can sefa biyar ita ce dala, sefa dubu kuma jika. Saboda haka in mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. A wancan lokaci fasfo da katin rigakafin shawara da takardun mota sun ishe mu. Ma'aikatan shige da fice da na kwastan suka duba mu a wannan ɓangare, 'yan sanda da 'yan duwan suka duba mu a wancan, takardu da Faransanci, magana da Hausa. Wanda ya buga mana hatimi har ya tambaye ni nawa kwanon shinkafar Kura yake bana.

Yana da kyau mu san yadda aka yi wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ta zauna inda take. Ingila da Faransa ne suka shata ta a takarda, suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Babban dalilin gyaran shi ne Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, domin layin farko ya tura su cikin fako inda ba ruwa. Ashe ke nan ruwa na cikin abin da ya yanke wa dangi hukuncin wane ne zai shiga lekol ya koyi Faransanci, wane ne zai shiga boko ya koyi Ingilishi.

Daga iyaka muka bi ta Dungas da Magarya muka kwana a Damagaram, wadda ita ce hedkwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar kafin a mayar Yamai a 1926. Mun zaga Birni, mun ga fadar Sarki da manyan duwatsun da suka kewaye garin, mun shiga Zango, unguwar fatake. Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. In ka bar gari kaɗan za ka wuce matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, sai ƙasar Damargu da garin Tanut, inda gonakin gero ke ƙarewa. Daga nan sai makiyaya. Bishiya ta riƙa gajarta, kuka ta ɓace, gawo ya ɓace, ya rage sai ƙaya da tumfafiya. A wasu wurare kwalta ta mutu, direba na bin sawun motocin da suka riga shi. A kowane shinge jandarma zai karɓi takardu ya rubuta sunanka a littafi, kuma wannan rubutu gata ne, don in ba ka isa shinge na gaba ba an san inda za a fara nema.

A nan ne ɗan Kura zai san darajar abin da ya baro a gida. Ruwan saman da Agadas kan samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba, mu kuwa a nan mukan samu kusan 800, ga kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974, mai cin ruwa kusan mita kubik biliyan biyu, tana koro mana shi har bakin gona. A Adarbisinat na ga yaro ya ɗaure igiyar guga a wuyan raƙumi, ya kora shi tafiya mai nisa kafin guga ɗaya ta iso bakin rijiya. Na tuna yadda muke barin ƙofar ruwa a buɗe a Kadawa, ya kwana yana malala a kan hanya. Kar kuma mu manta da abin da ya faru a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu daga yankin Kance suka fito, maƙwabtan Daura. Hamada ba wurin wasa ba ce.

A Agadas mun yi kwana biyu. Mun ga masallacin nan mai doguwar hasumiya ta ƙasa, tsawonta mita 27, wanda aka fara ginawa a 1515, aka sake ginawa a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Daga wannan yanki ne ayarin raƙuma ke keta Tenere zuwa Fashi da Bilma su ɗauko gishiri da dabino, irin kantun gishirin da kakanninmu suka saba saye a kasuwar Kurmi. Hausa ake yi a kasuwa, Hausa ake yi a tasha. A nan muka sami wani dattijo Ba'abzine da ya yarda ya yi mana jagora, muka koma kudu da gari, wajen tsaunin Tigidit, muka sauka a wani fili nesa da hanyar mota.

To, jama'a, yanzu na zo kan labarin dare. Bayan isha'i dattijon nan ya ce a kashe wuta, a kashe tocila, kowa ya sa wayarsa a aljihu. Idon ɗan'adam na bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu, kuma kallo ɗaya ga fuskar waya ya isa ya ɓata wannan sabo. Da idanunmu suka washe, sai muka ga sama ta cika maƙil, har ƙasa-ƙasa inda ta haɗu da rairayi. Masana sun ce a dare mai duhu sosai ido kan iya ganin taurari kimanin 2,500 a lokaci guda. A tsakiyar Kano in ka ƙirga hamsin ka yi ƙoƙari. Ga kuma farin zanen nan da ya ratsa sama kamar hayaƙi, wanda Larabawa ke kira Majarra. Ba gajimare ba ne, tarin taurari ne sama da biliyan 100, rana tamu ɗaya ce daga cikinsu. Mushtari na sama yana ƙyalli, Zuhal na yamma da shi, can dare ya ɗan yi Mirrihu ya fito jajir daga gabas. Gamzaki kam ba mu gan shi ba ko da asuba, don a makon nan yana bayan rana.

Malaminmu na labarin ƙasa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya koya mana a aji uku cewa tsayin tauraron arewa daga doron ƙasa daidai yake da nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, mun wuce. A wannan tafiya na gani da idona. A Kura tauraron nan na bisa da kusan digiri 12, sau da yawa ma ƙura da bishiyoyi kan rufe shi. A Agadas ya ɗaga zuwa digiri 17. Digiri ɗaya kuwa kimanin kilomita 111 ne a ƙasa. Wato ko ba taswira, tauraro ya gaya mana mun matsa arewa da fiye da kilomita 500. Allah gafarta malam, darasinka ya ci jarrabawa.

Game da hotunan kuwa, ba wani sihiri a ciki, kuma zan faɗi yadda ake yi don ƙannenmu masu sha'awa. Hasken tauraro kaɗan ne, saboda haka dole a bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana tara haske, kamar yadda ake tarar ruwa a bakin indararo. Abu na farko shi ne kyamara ta zauna daram a kan ƙafa-uku, don ko numfashinka ya motsa ta hoto ya ɓaci. Na biyu, a buɗe ƙofar hasken gilashi iyakar buɗewarta, a ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200. Na uku, a saita gani da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo tsaf. Na huɗu shi ne lokaci. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in ka bar ido a buɗe da yawa taurari za su ja wutsiya. Masu wannan sana'a suna da lissafi mai sauƙi: raba 500 da lambar gilashinka. Namu mai milimita 24 ne, ya ba mu kusan sakan 20. Hoton nan na kusa da ƙofa, mai zobe-zobe, da gangan muka yi shi: mun fuskanci arewa, muka ɗauki hotuna a jere na tsawon awa biyu, muka haɗa su, sai ga dukan taurari na kewaya tauraron arewa kamar masussuka sun kewaye turmi. In kana bukatar haske, rufe bakin tocila da jan ƙyalle, don jan haske bai cika ɓata sabon ido ba. Yawancin wayoyin yanzu ma suna da tsarin ɗaukar hoton dare, in ka jingina su da dutse za ka sha mamaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon nan. Muna ta fama da na'ura, shi kuwa yana zaune yana haɗa shayi, yana kiran taurari da sunayensu kamar mai kiran awakinsa. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, su Shat Ahad suke ce mata, wato 'yan matan dare. Babban rukunin nan mai taurari uku a jere a tsakiya, Amanar suke ce masa, wato jagora. Taurari bakwai na arewa da suka ɗago gab da asuba, Talamt, taguwa. Da su yake sanin ƙarfe nawa, da su yake sanin gabas, da su yake sanin sanyi ya kusa. Sai ya juyo ya ce mana, ku mutanen Kano, ya kuke kiran wancan? Mu huɗu, kowa da digirinsa, muka yi tsit. Kaza da Zara da Gamzaki kaɗai muka iya kawowa.

Alhali kuwa muna da namu. Malamanmu na zaure sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, bakwai ga kowane lokaci: bazara, damina, kaka da dari. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ɗaya ya yi 14, ka ga kwana 365 ke nan cif. Wanda ya zauna da tsofaffi ya taɓa jin ana cewa Zira'a ta shiga, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, a san irin ruwan da za a sa rai da shi da irin shukar da ta makara. Tsofaffin manoma na lura da ɓacewar Kaza a yamma a ƙarshen bazara, da sake ɓullowarta a gabas kafin asuba lokacin da damina ke zama. Addininmu ma ya nuna mana cewa an sanya taurari su zama alamar hanya ga matafiya a tudu da ruwa.

Me ya raba mu da wannan ilmi? A ganina abu biyu ne, kuma duka biyun alheri ne suka zo da shi. Na farko ruwan Tiga. Tun da aka fara noman rani a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, manomi ya daina tambayar sama yaushe ruwa zai zo, ya koma tambayar ma'aikatan hukumar kogunan Hadeja da Jama'are yaushe za a saki ruwa. Alkama da tumatir da shinkafa sun rufa mana asiri, da kuɗinsu aka biya wa yawancinmu makaranta, ba mai musun wannan. Na biyu hasken lantarki. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune. Wani kuma na 2023 ya nuna hasken da ke rufe taurari na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Ku dubi masana'antun casar shinkafa da gidajen mai da suka jeru a bakin titin Zariya, kowanne da fitilar da rabin haskenta sama yake tafiya. Abin da ya rage mana na kallon sama shi ne duban watan azumi da na salla, shi ma yawancinmu a rediyo muke jiran sanarwar Sarkin Musulmi.

Ba ina cewa kowa ya ɗauki jaka ya nufi Agadas ba. Hasali ma al'amura sun canja bayan dawowarmu. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, kuma a shekarar an sace wasu Turawa biyu a cikin garin Agadas. Duk mai niyyar zuwa sai ya yi tambaya sosai a kan takardu da lafiyar hanya, kuma kada ya kwana a daji ba tare da ɗan gari ba. Amma abin farin ciki shi ne sama ɗaya ce. Bayan mun dawo na gwada a bakin ruwan Tiga, na gwada a cikin gonaki bayan Bunkure, a daren 28 ga wata. Bai kai na hamada ba, amma Majarra ta fito, Kaza ta fito da 'ya'yanta. Duhunmu bai ƙare ba tukuna, raguwa yake yi.

Saboda haka ga roƙona, abu uku ne. Na farko, ƙungiya ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti, a haɗa da malamin Hausa da na labarin ƙasa, a bi ƙauyukanmu a zauna da tsofaffin manoma da malaman zaure da Fulani makiyaya, a ɗauki muryarsu, a rubuta sunayen taurari da abin da kowanne ke nunawa, a buga a wannan mujalla tamu. Wannan shi ne mafi gaggawa, domin masu ilmin kullum raka su muke yi maƙabarta. Na biyu, mu roƙi shugaban makaranta ya ware dare ɗaya a kowane zangon karatu, a ƙarshen wata, a kashe fitilun makaranta na awa ɗaya, a fito da ɗalibai filin ƙwallo, dattijo ɗaya ya faɗi suna, malamin kimiyya ya faɗi dalili. Yaron da aka nuna wa Kaza, aka ce masa hasken da yake gani ya baro can tun kimanin shekara 440 da suka wuce, wato a ƙarnin da aka gina masallacin Agadas, ba zai ƙara yin barci a ajin kimiyya ba. Na uku, cikin kuɗin da muke tarawa na gyaran azuzuwa, a ɗan tsakuro a sayi madubin hangen nesa na hannu guda biyu da ƙafa-uku ɗaya, fitilun da muke shirin kafawa a harabar makaranta kuma a sa musu hula, su haska ƙasa inda ake bukata. Ni na ɗauki alkawarin kawo kyamarata da kaina a kowane irin wannan dare.

Da yawanmu muna tuna safiyar Laraba, 29 ga Maris na 2006, da aka yi husufin rana. A nan ta kusa rufewa gaba ɗaya, a Katsina da Gusau da Maradi kuwa ta rufe ruf. Wasunmu sun ruga ɗakin kwana, wasu sun leƙa ta cikin bokitin ruwa, ba mu da tabarau, ba mu da shiri. To, masana sun riga sun lissafa cewa ranar 2 ga Agustan 2027 za a yi wani babba, wanda zai rufe rana ruf a Masar da Jidda da Makka, mu kuma a nan za mu ga wani ɓangarenta ya kama. Ina fatan ranar ta sami ƙannenmu a filin makarantar nan, da tabarau na musamman a idonsu, sun san abin da suke kallo, suna tasbihi da ilmi. Da ma Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

 Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarinsu. Waɗanda ke raye, Allah ya saka musu da alheri, ya ba mu ikon kyautata musu. Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabciyarmu Nijar lafiya, ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.